Suna a Nahawun Ingilishi: Haddar Ma'ana Ba Ta Isar Ɗalibi

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da ya gama aji huɗu na firamare a Nijeriya bai haddace ma'anar suna a nahawun Ingilishi ba. Malami ya tambaya, aji ya amsa da murya ɗaya cewa suna shi ne abin da ake kiran mutum ko dabba ko wuri ko wani abu da shi. Ɗalibin nan zai maimaita wannan jimla a ƙaramar sakandare, ya sake ta a babbar sakandare, ya kuma tarar da ita a darasin Ingilishi na dole da ake yi wa 'yan shekarar farko a jami'a. Amma a ba shi takarda ya rubuta wasiƙar neman aiki, sai a ga ya rubuta "informations" da "advices" da "equipments", ya ce "I bought book", ya ce ya yi "ten year" yana karatu. Dukkan waɗannan kurakurai na suna ne, kuma babu ko ɗaya daga cikinsu da ma'anar da ya haddace za ta iya gyara masa.

Lamarin yana da nauyi, domin samun kiredit a Ingilishi a jarrabawar WAEC ko ta NECO sharaɗi ne na shiga jami'a, kuma Ingilishi darasi ne na dole ga duk wanda ya zauna jarrabawar JAMB, ko da Hausa ko Larabci yake son karantawa. Ra'ayin da wannan maƙala take karewa shi ne, ya kamata a riƙa koya wa ɗalibi gane suna ta hanyar alamominsa da gurbin da yake zama a jimla, a kuma gina wannan koyarwa a kan abin da ɗalibin ya riga ya sani na harshen Hausa.

Asalin ma'anar da ake haddacewa

Kalmar "noun" ta samo asali ne daga kalmar Latin "nomen", wadda ma'anarta suna. Tsarin raba kalmomi zuwa azuzuwa takwas ya faro daga Girkawa, a littafin nahawun da ake jingina wa Dionysius Thrax, daga nan malaman Latin irin su Donatus, wanda ya rayu a ƙarni na 4, suka ɗauka suka yaɗa shi a makarantun Turai. Bayanin da waɗannan magabata suka yi wa suna yana da ɓangare biyu. Na farko ya shafi sura, wato suna kalma ce da ƙarshenta yake sauyawa gwargwadon matsayinta a jimla, kamar yadda li'irabi yake a Larabci. Na biyu ya shafi ma'ana, wato kalma ce da take nuni ga wani abu.

Da aka fara rubuta nahawun Ingilishi, daga William Bullokar a 1586 zuwa Robert Lowth a 1762 da Lindley Murray a 1795, an ɗora shi a kan ma'aunin Latin. Sai dai Ingilishi ya riga ya zubar da yawancin li'irabin sunayensa ɗaruruwan shekaru kafin wannan lokaci. Saboda haka ɓangaren sura ya rasa ƙarfi a littattafan makaranta, aka bar ɓangaren ma'ana shi kaɗai. Wannan rabin bayani ne makarantun boko suka gada, shi ne kuma ake rerawa a azuzuwa har yau.

Rauninsa a fili yake. Kalmomin "arrival" da "destruction" da "laughter" aiki suke nunawa, amma sunaye ne. Kalmar "red" sunan launi ce, amma a "a red cap" sifa ce. Kalmar "water" suna ce a "the water is cold", aikatau ce a "they water the garden". Ɗalibin da bai da makami sai ma'ana ba zai iya warware ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Matsalar ma ba ta Ingilishi kaɗai ba ce. A Hausa "barci" da "gudu" da "magana" ayyuka ne a hankalce, amma sunaye ne a nahawu, shi ya sa ake cewa "ya yi barci", ake kuma cewa "maganar Audu". Tun a 1952 Charles Fries ya nuna, a littafinsa The Structure of English wanda ya gina a kan hirarrakin waya da aka naɗa, cewa ana iya rarraba kalmomin Ingilishi ta la'akari da guraben da suke iya cikewa a jimla. Manyan littattafan nahawun Ingilishi na wannan zamani, kamar na Randolph Quirk da abokan aikinsa na 1985 da na Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum na 2002, a kan sura da aikin kalma suka fi dogara wajen tantance ajinta. Binciken ya yi nisa, amma allon firamare yana nan inda Murray ya bar shi.

Darasi daga makarantar zaure

Gane suna ta alamomi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ajurumiyya, ɗan ƙaramin littafin nahawun Larabci na Ibn Ajurrum, malamin birnin Fas wanda ya rasu a 1323, ya san cewa da alamomi littafin ya gabatar da suna: karɓar jarra, da tanwini, da shigar alifi da lam, da zuwa bayan haruffan jarra. Alfiyyar Ibn Malik ita ma wannan hanya ta bi. Almajiri yana ɗaukar kalma ya gwada ta da waɗannan alamomi, idan ta karɓa ya san suna ce. An daɗe ana koyar da nahawu ta wannan hanya a Kano da Katsina da Sakkwato kafin zuwan boko, kuma ta fitar da malamai irin su Abdullahi ɗan Fodiyo, waɗanda suka yi rubuce-rubuce masu zurfi a fannin nahawu da sarfu. Abin da ake kira a yi a ajin Ingilishi bai wuce wannan ba.

Alamomin suna a Ingilishi

Alama ta farko ita ce karɓar mafayyaci, wato ƙananan kalmomin da suke gabatar suna kamar "a" da "an" da "the" da "this" da "my". Ta biyu ita ce jam'i, wanda galibi ake yi da ƙarin "s", ban da 'yan tsirarun kalmomi da suka riƙe tsohon tsari kamar "men" da "feet" da "children", da waɗanda aka aro daga Girkanci da Latin kamar "criteria" da "analyses". Ta uku ita ce alamar mallaka, kamar a "the teacher's book". Ta huɗu ita ce gurbi: suna yana shugabantar yankin da yake zama mai aikatawa a jimla, ko karɓau, ko abin da yake biyo bayan kalmomi irin su "in" da "with" da "from". Akwai kuma ɗafa-ƙeya da suke ƙirƙiro sunaye, kamar waɗanda ake gani a ƙarshen "kindness" da "education" da "government" da "childhood".

Ba kowane suna ne yake karɓar dukkan alamomin ba, amma idan aka haɗa su sukan tantance kusan kowace kalma. A 1958 Jean Berko ta yi wani gwaji da ƙananan yara masu jin Ingilishi a Amurka. Ta nuna musu zanen wata halitta da ta ƙirƙira ta kira ta "wug", sannan ta nuna musu guda biyu, yaran suka ce "wugs". Ba su taɓa jin kalmar ba, ba su san ma'anarta ba, amma gurbin da ta zauna ya sanar da su cewa suna ce, suka yi mata jam'i. Wannan ilimi da ɗan asalin harshe yake samu a gida, shi ne ya wajaba a gina wa mai koyo a aji.

Inda Hausa da Ingilishi suka saɓa

Saɓani na farko shi ne na ƙirguwa. Ingilishi ya raba sunayensa gida biyu: masu ƙirguwa, waɗanda suke karɓar "a" da jam'i da "many", da marasa ƙirguwa, waɗanda ba sa karɓar "a" ko jam'i, sai "much". Otto Jespersen ne ya fito da wannan rabo sosai a littafinsa na 1924. Yawanci akan gaya wa ɗalibi cewa marar ƙirguwa shi ne abin da ba a iya ƙirgawa, kamar ruwa da yashi. Wannan bayani yana ɓatar da shi, domin shawara tana ƙirguwa a hankalce, kuma Bahaushe yana cewa shawarwari uku, bayanai da yawa, hujjoji biyu, kayayyaki iri-iri. Amma "advice" da "information" da "evidence" da "furniture" da "luggage" duk marasa ƙirguwa ne a Ingilishi. Ingilishi yana ƙirga wake ya ce "beans", ba ya ƙirga shinkafa, alhali a idon mai awo a kasuwa babu bambanci tsakaninsu. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da ya fara da Faransanci ya fi shiga ruɗu, domin Faransanci yana yi wa kalmomin bayani da shawara da kayan ɗaki jam'i. Ƙirguwa al'ada ce ta kowane harshe, ana koyon ta tare da kalma, kamar yadda mai koyon Hausa yake koyon jinsin kowace kalma tare da ita. Hanyar fita kuwa ɗalibi ya san ta tun daga gida: kamar yadda yake cewa ƙwayar shinkafa, mudun gero, kofin ruwa, haka Ingilishi yake cewa "a piece of advice" da "an item of furniture".

Saɓani na biyu shi ne na mafayyaci. Hausa tana da madanganci, wato "n" ko "r" da ake ɗafawa a ƙarshen suna don nuna an riga an ambace shi, kamar a littafin da motar, tana kuma da wani da wata da wasu. Amma Hausa ba ta tilasta amfani da su ba. "Na sayi littafi" cikakkiyar jimla ce, haka "rana ta fito". A Ingilishi kuwa, a mafi yawan jimloli, suna mai ƙirguwa tilo ba ya tsayawa shi kaɗai, dole a ce "a book" ko "the book" ko "my book". Ɗalibin da aka nuna wa wannan bambanci zai iya yi wa kansa tambayoyi uku a gaban kowane suna. Mai ƙirguwa ne? Tilo ne ko jam'i? Mai karatu ya san wanda ake nufi? Amsoshin ukun suna ba shi mafayyacin da ya dace a mafi yawan lokuta, sauran kuma, irin su "go to school" da "go to bed", sai a koye su a matsayin keɓaɓɓun maganganu.

Na uku shi ne jam'i bayan adadi. Hausa tana da hanyoyin jam'i masu yawa da suka fi na Ingilishi wuya nesa ba kusa ba, kamar yadda duk wanda ya duba babban littafin nahawun Hausa na Paul Newman na 2000 zai gani. Duk da haka idan adadi ya zo, Hausa takan bar suna a tilo: shekara goma, kwana bakwai, buhu biyar, mutum uku. Adadin ya riga ya faɗi yawan, babu buƙatar maimaitawa. Ingilishi yana maimaitawa, ya ce "ten years" da "five bags". Ɗalibin da ya rubuta "ten year" bin ƙa'idar harshensa ya yi, kuma malamin da ya gane haka zai gyara shi da jimla ɗaya, maimakon jan biro ja shekara da shekaru.

Na huɗu shi ne jeren kalmomi. A Hausa jigon yankin suna yana zuwa farko, abin da yake fayyace shi ya biyo baya: malamin makaranta, tashar mota. A Ingilishi jigon yana zuwa ƙarshe: "school teacher", "bus station". Saboda haka "horse race" sukuwar doki ce, "race horse" kuwa dokin sukuwa ne. Idan yankin ya yi tsawo, kamar "university entrance examination results", fassararsa ta Hausa daga ƙarshe take farawa: sakamakon jarrabawar shiga jami'a. Ɗalibin da bai san wannan ba yakan ɗauki kalmar farko a matsayin jigo, ya daidaita aikatau da ita, ya kuma kasa fahimtar dogayen jimlolin littattafan kimiyya da na shari'a, waɗanda suke cike da irin wannan tarin sunaye.

Na biyar ya shafi jinsi da sifa. Kowane suna tilo a Hausa namiji ne ko mace, mota ce, gida ne, garuruwa kuma mata ne, shi ya sa ake cewa Kano ta cika. Tsohon Ingilishi yana da jinsi uku na nahawu, amma ya zubar da su, ya bar "he" da "she" ga masu rai da aka san jinsinsu, da "it" ga saura. Hausa ba ta da takwaran "it", don haka sai an koyar da shi da gangan. Haka kuma abubuwa da dama da Ingilishi yake faɗa da sifa, Hausa da suna take faɗar su: yana da nauyi, mai kyau, ina jin yunwa. Daga nan ne ruɗun "anger" da "angry", da na "beauty" da "beautiful" yake tasowa.

Ƙorafe-ƙorafen da za a iya yi

Wani zai ce yaro ɗan shekara takwas ba zai iya ɗaukar zancen mafayyaci da gurbi ba, tsohuwar ma'ana ta fi sauƙi. Akwai gaskiya a nan. Sunayen da yaro yake fara koya na mutane ne da dabbobi da abubuwan da yake taɓawa, don haka ma'anar tana da amfani a matsayin ƙofar shiga. Laifin shi ne a tsaya a bakin ƙofar shekara goma sha biyu. Gwajin alamomi kuwa ba ya buƙatar manyan kalmomin fannu. Malami zai iya rubuta jimla mai gurbi a allo, ya ce yara su cike da kalmomin da suka dace, su da kansu za su ga wace kalma ta shiga, wace ta ƙi.

Wani zai ce shigar da Hausa ajin Ingilishi yana rage wa ɗalibi damar jin Ingilishi, kuma a birane irin su Kaduna da Jos ba kowane ɗalibi ne Bahaushe ba. Abin da ake nema bai kai mayar da darasin Ingilishi na Hausa ba, 'yan mintoci ne na kwatance a wuraren da aka san harsunan biyu sun saɓa. A aji mai harsuna da yawa, tambayar yadda kowane harshe yake faɗar "shekara goma" tana ƙara wa darasin armashi. Shirin firamare na shekara shida da Babs Fafunwa ya jagoranta a Jami'ar Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci aka kuma koyar da Ingilishi a matsayin darasi, ya nuna cewa tsayawa a kan harshen uwa bai hana yara ƙwarewa a Ingilishi ba.

Ƙorafi na uku ya fito daga masana. Robert Lado ya yi hasashe a 1957 cewa kwatanta harsuna biyu zai nuna inda mai koyo zai sha wuya, amma binciken da ya biyo baya ya nuna cewa ba kowane kuskure ne yake fitowa daga harshen uwa ba. Ɗan Ingila ma yakan ce "mans" da "foots" yana ƙarami, kuma masu jin Yarbanci da Ibo su ma suna rubuta "equipments". Wannan gaskiya ne, kuma ya isa ya hana a ɗora wa Hausa alhakin kowane kuskure. Amma amfanin kwatance a aji bai rataya a kan hasashen kuskure ba. Amfaninsa shi ne ba ɗalibi abin da zai auna sabon tsari da shi.

Ƙorafi na huɗu ya fi sauran ƙarfi. Ingilishin Nijeriya yana da matsayinsa, har ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmominsa 29 a Janairun 2020, ciki har da "Kannywood". Idan miliyoyin mutane suna cewa "furnitures", wa yake da ikon kiran sa kuskure? A mahangar kimiyyar harshe babu wani aibu a wannan jam'i, kuma marubutan Ingila na ƙarnonin baya sun yi amfani da "informations". Sai dai mai gyaran takardar jarrabawa da editan mujallar ilimi da mai tantance takardun neman aiki ba da wannan ma'auni suke aiki ba. Har zuwa ranar da hukumomin jarrabawa za su amince da wani ma'auni na gida, adalci ga ɗalibi shi ne a sanar da shi siffofin biyu da inda kowace take karɓuwa. Ɗan mai hali da yake makarantar kuɗi yana samun wannan sani, ɗan talaka ne ake bari da hadda.

Abin da ya kamata a yi

Gyaran ya kamata ya fara daga kwalejojin ilimi da sassan koyar da malanta na jami'o'i. Malamin da zai koyar da Ingilishi a yankin da Hausa ta fi yawa yana buƙatar sanin nahawun Hausa gwargwadon da zai iya gane tushen kuskuren ɗalibinsa. Sassan Hausa da na Ingilishi, waɗanda galibi suke tsangaya ɗaya amma kowa yana harkarsa, su ne suka fi cancanta su haɗu su rubuta ƙananan littattafan kwatance don malaman firamare da sakandare. Kalmomin fannu suna nan, an daɗe ana amfani da suna da sifa da aikatau da tilo da jam'i da jinsi a azuzuwan Hausa.

Na biyu, a koya wa ɗalibi amfani da ƙamus na masu koyo. A. S. Hornby, wanda ya koyar da Ingilishi a Japan, ya ga irin wahalar da ɗalibansa suke sha da sunaye, ya sa alama a ƙamus ɗinsa da take nuna mai ƙirguwa da marar ƙirguwa. Wannan ƙamus ne ya zama Oxford Advanced Learner's Dictionary, kuma haruffan C da U suna nan a gaban sunayensa har yau. Ɗalibai da yawa suna da shi a jaka ko a waya, amma ma'ana kawai suke dubawa, domin ba a taɓa gaya musu aikin waɗannan haruffa ba.

Na uku, a sauya irin tambayoyin da ake yi a aji. Umarnin a ja layi a ƙarƙashin sunaye, ko a kawo ire-iren suna guda biyar, yana auna hadda ne kawai. A ba ɗalibi sakin layi da aka cire wa mafayyatai ya mayar da su, ko a ba shi jimlolin Hausa masu adadi da harɗaɗɗun sunaye ya mayar Ingilishi, sannan ya faɗi dalilin kowane zaɓi da ya yi.

Kammalawa

Tsohuwar ma'anar suna rabin bayani ce da aka gada daga nahawun Latin, tana da amfani a matakin farko, amma ba ta gaya wa ɗalibi lokacin da zai sa "a" ko "the", ko kalmar da take karɓar jam'i, ko inda jigon yankin suna yake. Waɗannan ne wuraren da yake rasa maki, su ne kuma wuraren da Hausa da Ingilishi suka fi saɓawa. Ɗalibi Bahaushe yana shiga aji da cikakken nahawun harshensa a kansa, wasu kuma har da horon gane suna ta alamomi daga karatun zaure. Manhaja da littattafai da horon malamai ya kamata su yi amfani da wannan jari tun daga manyan azuzuwan firamare, domin a nan ne ake kafa ɗabi'un rubutu da suke bin ɗalibi har jami'a.